Annabi Musa (AS): Rayuwar Manzon da ya fitar da Bani Isra'ila daga ƙangin Fir'auna

Babu Annabin da Alƙur'ani mai girma ya yawaita ambaton sunansa kamar Annabi Musa (AS). Sunan ya zo sau 136, labarinsa kuma ya bazu a surori masu yawa, musamman Baƙara da A'arafi da Yunus da Ɗaha da Shu'ara da Ƙasas da Gafir. Mafi yawan waɗannan surori an saukar da su ne a Makka, a lokacin da Musulmin farko ke shan uƙuba a hannun manyan Ƙuraishawa, suna bukatar jin cewa an taɓa yin wasu raunana kafinsu, an kuma taɓa yin azzalumin da ya fi nasu ƙarfi, sannan ya gushe.

A ƙasar Hausa labarin ya shiga har cikin harshe. Duk mai suna Musa ana yi masa laƙabi da Kallamu, saboda Allah Ya yi magana da mai asalin sunan ba tare da ɗan aike ba. Idan shugaba ya wuce gona da iri a ce yana fir'aunanci, idan dukiya ta sa mutum girman kai a tuno da Ƙaruna. Sai dai da yawa daga cikinmu mun riƙe mu'ujizozin sanda da tsagewar teku, mun bar abin da ya kawo su, wato yadda aka bautar da al'umma guda har ta saba da bautar, da irin wahalar da mutum ɗaya ya sha kafin ya fitar da ita.

Yadda baƙi suka koma bayi

Isra'ila sunan Annabi Yaƙub ne (AS), Bani Isra'ila kuma su ne zuriyar 'ya'yansa 12. Sun shiga Masar ne cikin mutunci a zamanin da Annabi Yusuf (AS) ke riƙe da taskokin ƙasar, bayan ya tserar da ita daga yunwar shekara bakwai. Littafin Fitowa, ɗaya daga cikin littattafai biyar na Attaurar da ke hannun Yahudawa da Kiristoci a yau, ya ce mutum 70 ne a farkon zuwansu, kuma zamansu a ƙasar ya kai shekara 430. Sun zauna a yankin Goshen da ke gabashin mashigar Kogin Nilu, suka hayayyafa, suka yi yawa.

Da zamani ya juya, sai aka yi sarkin da bai san alherin Yusuf ba. Ya dubi yawan baƙin nan ya ga barazana, ya ji tsoron kada wata rana su haɗa kai da abokan gaba. Sai aka mayar da su 'yan aikin tilas, suna kwaɓa laka suna buga tubali, suna noma gonakin da ba nasu ba. Littafin Fitowa ya ambaci biranen ajiya biyu da suka gina wa sarki, Fitom da Ramases.

Farkon Suratul Ƙasas ya fayyace dabarar mulkin. Fir'auna ya ɗaukaka kansa, ya rarraba mutanen ƙasa ƙungiya-ƙungiya, ya ware ɗaya ya raunana ta, yana yanka 'ya'yanta maza yana barin mata. Rarrabawar ce ta zo kafin yankan. Sai da Baƙibɗe, wato ɗan asalin Masar, ya daina ganin maƙwabcinsa Ba'isra'ile a matsayin mutum irinsa, sannan aka iya shiga gidan maƙwabcin a ɗauki jariri ba tare da unguwa ta tashi ba.

Ibn Kasir da wasu malaman tafsiri sun kawo cewa da kisan ya yi yawa, manyan Ƙibɗawa sun koka wa Fir'auna cewa tsofaffin bayi na mutuwa, ƙanana kuma ana yanka su, nan gaba aikin wahala zai dawo kansu. Sai aka daidaita a kan a yi yanka shekara guda, a bari shekara guda. Lissafin ma'aikata ne ya kawo sassaucin, tausayi bai shiga maganar ba. A shekarar bari aka haifi Haruna, a shekarar yanka kuma aka haifi ƙanensa Musa ɗan Imrana, daga zuriyar Lawi ɗan Yaƙub.

Matan da suka fara karya dokar

Kafin wani namiji ya tsaya gaban Fir'auna, mata ne suka fara saɓa masa. Littafin Fitowa ya ba da labarin ungozomomi biyu, Shifra da Fu'a, waɗanda aka umarta su kashe duk namijin da suka karɓi haihuwarsa, suka ji tsoron Allah suka ƙi. Sai mahaifiyar Musa, wadda Allah Ya yi wa ilhama ta shayar da ɗanta, idan ta ji masa tsoro ta sa shi a akwati ta jefa a kogi, tare da alƙawarin za a dawo mata da shi. Ta yi hakan, zuciyarta kuma ta kusa tona asirin saboda zafin rabuwa, ba don Allah Ya ɗaure ta ba.

Yayarsa ta bi akwatin ta bakin gaɓa tana kallo daga nesa, har ruwa ya kai shi fadar Fir'auna. A can matar sarki, Asiya, ta ga jaririn ta roƙi a bar shi da rai, ko zai amfane su ko su riƙe shi ɗa. Jaririn ya ƙi karɓar nonon kowace mai shayarwa. Yayar ta matso ta ce ta san wani gida da zai iya renonsa, aka amince, aka mayar da shi hannun mahaifiyarsa. Attaura ta ƙara da cewa har lada aka riƙa biyanta a kan shayar da ɗan cikinta.

Dokar da aka kafa domin kada wannan yaro ya rayu, ita ce ta kai shi gidan wanda ya kafa ta, ya ci abincinsa, ya koyi harshen fada da tsarinta. Bahaushe ya ce zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Naushi guda da gudun hijira

Musa ya girma a fada, ya kawo ƙarfi, Allah Ya ba shi hukunci da ilimi. Manzon Allah (SAW), wanda ya gan shi a daren Isra'i, ya siffanta shi da mutum dogo mai duhun fata, kamar mazajen ƙabilar Shanu'a ta Yaman.

Wata rana ya shiga gari a lokacin da ƙafa ta ɗauke, ya tarar da mutum biyu suna faɗa, ɗaya Ba'isra'ile ɗaya Baƙibɗe. Ɗan'uwansa ya nemi agaji, Musa ya naushi Baƙibɗen, mutumin ya faɗi matacce. Bai yi nufin kisa ba. Duk da haka bai fake da cewa mamacin daga ɓangaren azzalumai yake ba. Ya kira abin aikin Shaiɗan, ya ce ya zalunci kansa, ya nemi gafara, Allah Ya gafarta masa. Sannan ya ɗauki alƙawarin ba zai taɓa zama mataimakin masu laifi ba.

Magabata sun ɗauki wannan alƙawari da nauyi. Imam Ƙurɗubi ya kawo a tafsirinsa cewa wani mutum ya tambayi Aɗa'u bn Abi Rabah, babban malamin Makka, game da ɗan'uwansa magatakarda wanda aikinsa kawai rubuta kuɗin shiga da na fita, yana da iyali, kuma idan ya bar aikin zai shiga bashi. Aɗa'u ya tambayi wa yake yi wa aikin. Da aka ambaci Khalid bn Abdullahi Alƙasri, gwamnan Banu Umayya, sai ya tunatar da shi alƙawarin Musa, ya nuna cewa bai halatta a taimaki azzalumi ba ko da da alƙalami ne. Duk wanda takardu ke bi ta teburinsa ya san cewa ba a cika ƙwace filin wani ko danne haƙƙin ɗan fansho ba sai wani ya buga wasiƙa, wani ya sa hannu, wani ya buga hatimi.

Washegari maganar kisan ta fasu. Wani mutum ya taho da gudu daga ƙarshen birni ya shaida wa Musa cewa manyan fada na shawarar kashe shi. Ya fita cikin tsoro, babu guzuri, ya nufi Madyana, a arewa maso yammacin yankin Larabawa, gabas da mashigin tekun Aƙaba.

A bakin rijiyar Madyana ya tarar da makiyaya na ta shayar da dabbobi, ga wasu mata biyu a gefe suna tsare nasu, ba su iya cuɗanya da maza, mahaifinsu kuma tsoho ne. Da gajiyarsa da yunwarsa ya shayar musu, ya koma inuwa ya kai kukansa ga Ubangiji. Tsohon ya aika aka kira shi. Wasu malamai sun ce Annabi Shu'aibu ne, wasu sun ce wani salihi ne daga mutanen garin, Attaura kuma ta kira shi Yetro. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki, ta kafa hujja da siffa biyu da ta gani, ƙarfi da amana. Aka ɗaura yarjejeniya a fili: zai auri ɗaya, ya yi kiwo shekara 8, idan ya cika 10 to kyautatawa ce daga gare shi, tsohon kuma ya yi alƙawarin ba zai tsananta masa ba. Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi bn Abbas cewa wa'adin da ya fi tsawo Musa ya cika. Mutumin da ya taso a ƙasar da ake sa mutane aiki babu lada babu wa'adi, ya zo ya ga yadda ake ɗaukar ma'aikaci da sharaɗi bayyananne da yardar ɓangare biyu.

Kira a kwarin Ɗuwa

Da wa'adi ya cika ya kama hanya da iyalinsa. A wani dare ya hango wuta a gefen Dutsen Ɗur, ya je neman garwashi ko wanda zai nuna musu hanya. A can, cikin tsarkakakken kwarin Ɗuwa, Allah Ya kira shi, Ya umarce shi ya cire takalmansa, Ya sanar da shi tauhidi da tsayar da salla. Aka nuna masa ayoyi biyu: sandarsa ta zama macijiya, hannunsa kuma ya fito fari fat ba tare da wata cuta ba. Sannan aka aike shi ga Fir'auna.

Musa bai ɓoye rauninsa ba. Ya ambaci ran da ke kansa a Masar, ya ambaci nauyin harshensa, ya roƙi a buɗa masa ƙirji, a kuma ba shi Haruna ya zama waziri domin ya fi shi fasahar magana. Aka amsa masa. Umarnin da aka haɗa su da shi shi ne su yi wa Fir'auna magana mai laushi, ko zai tuna ko ya ji tsoro. Idan wanda ya yi da'awar allantaka aka ce a tausasa masa harshe, mai wa'azi ko mai sukar gwamnati a yau ba shi da hujjar mayar da zagi ibada. Laushin bai rage komai daga saƙon ba, domin bukata biyu suka gabatar ƙarara: a kaɗaita Allah, a kuma saki Bani Isra'ila a daina azabtar da su. Littafin Fitowa ya ce a lokacin Musa na da shekara 80, Haruna 83.

Gori a fada

Fir'auna ya fara da gori. Ya tuna wa Musa cewa su suka rene shi yana jariri, ya zauna cikinsu shekaru, sannan ya aikata abin da ya aikata. Musa ya amsa laifin kisan, ya ce ya yi shi ne kafin shiriya ta zo masa. Game da renon kuwa, ya nuna masa cewa ba alherin da za a yi gori da shi ba ne, domin ba don an bautar da Bani Isra'ila ba, da babu abin da zai raba jariri da ɗakin mahaifiyarsa ya kai shi fada. Wannan amsa da ke cikin Suratus Shu'ara ta shafi duk mai ƙwace haƙƙin jama'a sannan ya gutsura musu kaɗan yana jiran godiya.

Da hujja ta ƙare wa Fir'auna sai ya koma barazanar kurkuku, sannan ya ce sihiri ne. Aka sa rana, ranar idin ƙawa da hantsi, aka tara ƙwararrun masu sihiri daga biranen ƙasar. Tambayarsu ta farko ita ce ko akwai lada idan sun yi rinjaye, aka yi musu alƙawarin lada da kusanci ga sarki. Suka jefa igiyoyi da sanduna, idanun mutane suka ga kamar suna tafiya, har Musa ya ji tsoro a ransa. Ya jefa sandarsa ta haɗiye abin da suka ƙirƙira. Su da suka san iyakar sana'arsu suka gane wannan ba aikin hannun mutum ba ne, suka faɗi suna sujada. Fir'auna ya yi barazanar yanke musu hannuwa da ƙafafu a tarnaƙi ya tsire su a kututturan dabino. Mutanen da suka zo da safe suna cinikin lada suka ce ya yi abin da zai yi, iyakarsa rayuwar duniya.

Suratu Gafir ta ambaci mutum uku da aka aiki Musa gare su: Fir'auna da Hamana da Ƙaruna. Hamana shi ne babban jami'in da ke aiwatar da umarni, wanda aka sa ya gasa tubali ya gina doguwar hasumiya domin Fir'auna ya leƙa Ubangijin Musa. Ƙaruna kuwa daga cikin Bani Isra'ila yake, attajirin da makullan taskokinsa kaɗai ke yi wa ƙarfafan mutane nauyi. Mutanensa na buga tubali shi yana tara dukiya, yana kuma yi musu ɗagawa. Da aka yi masa nasiha ya nemi lahira da abin da aka ba shi, ya kyautata kamar yadda aka kyautata masa, sai ya ce iliminsa ne ya ba shi. Ƙasa ta haɗiye shi da gidansa. Mulki da ofis da kasuwa ne suka haɗu suka riƙe wannan zalunci, kuma ɗaya daga cikin ukun ɗan gida ne.

A cikin fadar kuma an samu masu gaskiya. Akwai mutumin nan daga dangin Fir'auna da ke ɓoye imaninsa, wanda da aka zo shawarar kashe Musa ya tashi ya tambayi yadda za a kashe mutum don kawai ya ce Allah ne Ubangijinsa. Akwai Asiya, wadda ta bar daular fada ta roƙi Allah gida a kusa da Shi a Aljanna, Suratut Tahrim ta kafa ta misali ga muminai, Manzon Allah (SAW) kuma ya lissafa ta tare da Maryam cikin matan da suka cika kamala.

Ƙunci ya ƙaru kafin sauƙi

Zuwan Musa bai kawo sauƙi nan take ba. Fir'auna ya dawo da dokar kashe 'ya'ya maza. Littafin Fitowa ya ce an daina ba bayin ciyawar da ake cakuɗawa da laka, irin ramnon da maginanmu ke zubawa, aka ce su nemo da kansu, amma adadin tubalin kowace rana bai ragu ba. Da suka kasa cikawa, aka yi wa shugabannin aikinsu bulala. Mutanen suka juya kan Musa suna cewa an cutar da su kafin zuwansa, an kuma cutar da su bayan zuwansa. Ya umarce su da neman taimakon Allah da haƙuri, ya yi musu fatan za a halaka maƙiyinsu a ba su ƙasa, amma ya gargaɗe su cewa za a duba yadda su ma za su yi idan an ba su. Suratu Yunus ta ce 'yan matasa kaɗan ne suka yi imani da shi a wannan lokaci, su ma cikin tsoro, har aka umarce su su mayar da gidajensu wuraren salla.

Sai ayoyi suka biyo baya. Aka kama mutanen Fir'auna da fari da ƙarancin amfanin gona, sannan ambaliya da fara da ƙwarƙwata da kwaɗi da jini. Alƙur'ani ya ce ayoyi tara aka ba Musa, Attaura kuma ta lissafa annoba goma, ta ƙarshensu mutuwar 'ya'yan fari. Duk lokacin da masifa ta sauka sai su roƙi Musa ya yi addu'a, da alƙawarin za su yi imani su saki mutanensa. Da an yaye sai su warware.

Daren fita

Daga ƙarshe aka umarci Musa ya fita da bayin Allah cikin dare. Littafin Fitowa ya ce maza kusan 600,000 ne suka fita, adadin da Ibn Khaldun ya yi jayayya da shi a farkon Muƙaddimarsa, yana ganin ya yi yawa idan aka duba tazarar kakanni tsakanin Yaƙub da Musa. Fir'auna ya tara runduna ya bi su, ya cim musu da hudowar rana. Teku a gaba, dawakai a baya, mutanen suka ce an kama su. Musa ya ƙaryata hakan, ya ce Ubangijinsa na tare da shi kuma zai nuna masa hanya, a lokacin da babu wata hanya da ido ke gani. Aka ce ya bugi teku da sanda, ruwa ya tsage, kowane ɓangare kamar babban dutse, suka wuce a kan busasshiyar ƙasa. Fir'auna ya biyo, ruwa ya rufe shi da rundunarsa. Ya furta imani yana nutsewa, ba a karɓa ba, aka kuma fitar da gawarsa domin ta zama aya ga na baya.

Alƙur'ani da Attaura duk ba su ambaci sunan wannan sarki ba. Masana tarihi da yawa na karkata ga Ramsis na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wasu kuma ga ɗansa Marnabta. Wani allon dutse na Marnabta da aka tono a 1896 shi ne rubutu mafi daɗewa da aka sani ya ambaci sunan Isra'ila. Busassun gawawwakin sarakunan biyu suna birnin Alƙahira, suna cikin guda 22 da aka mayar sabon gidan adana kayan tarihi a 2021.

Wannan rana ce Manzon Allah (SAW) ya tarar Yahudawan Madina na azumta, ya tambaya aka gaya masa dalili, ya nuna cewa Musulmi sun fi cancantar Musa, ya azumce ta ya kuma yi umarni da azumtarta. Ita ce Ashura, 10 ga Muharram, wadda a nan gida aka fi saninta da cika-ciki, alhali asalinta godiya ce a kan kuɓutar waɗanda aka zalunta.

Bautar da ta rage a zukata

Aikin da ya fi wahala ya fara ne bayan an haye. Ƙafafunsu ba su daɗe da barin teku ba suka wuce wasu mutane masu bautar gumaka, suka nemi Musa ya yi musu abin bauta irin nasu. An yi musu inuwa da girgije, an saukar musu da Mannu da Salwa, dutse ya ɓuɓɓugo da idanun ruwa 12, kowace ƙabila da mashayarta, amma suka ce sun gaji da abinci iri ɗaya, suna marmarin albasa da kayan lambun da suka saba. Da Musa ya tafi ganawa da Ubangijinsa dare 30 da aka cika da 10, ya karɓo alluna, ya dawo ya tarar Samiri ya ƙera musu maraƙi da kayan ado suna bauta masa. Ya jefar da allunan, ya kama kan Haruna cikin fushi, har sai da ɗan'uwan ya bayyana masa cewa rinjayarsa aka yi, an kusa kashe shi, ya kuma ji tsoron raba kan jama'a.

Da suka iso bakin ƙasa mai tsarki aka ce su shiga, suka ce akwai ƙattai a ciki, Musa ya tafi shi da Ubangijinsa su yi yaƙin, su suna nan zaune. Mutum biyu kaɗai suka ƙarfafa su, waɗanda malaman tafsiri suka ce Yusha'u bn Nun ne da Kalib. Sai aka haramta musu ƙasar shekara 40 suna ɗimuwa a jeji. Ibn Khaldun ya fassara hikimar wannan wa'adi da cewa shi ne tsawon lokacin da tsarar da ta girma cikin ƙasƙanci za ta ƙare, wata ta taso wadda ba ta san bulalar Ƙibɗawa ba. A ganinsa zalunci mai tsawo yana karya zuciyar al'umma har ta kasa kare kanta, ko da an cire mata sarƙa.

Shari'ar da aka ba Musa ta yi ta komawa kan abin da ya faru a Masar. Attaura ta hana su zaluntar baƙo, ta kafa dalili da cewa su ma sun yi baƙunci. Ta umarci a biya talaka ɗan ƙwadago ladansa a ranar, kafin rana ta faɗi, kamar yadda hadisin Ibn Majah ya yi umarni da a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Ba a ba su wahalar da suka sha ta zama lasisin wahalar da wasu ba. An mayar da ita hujja a kansu, kuma hukuncin ɗaya ne ga kowace al'umma da ta taɓa ɗanɗana zalunci sannan ta samu iko, haka ga mai shagon da ya taɓa zama yaron shago, da shugaban ma'aikatar da ya taɓa zama ƙaramin akawu.

Ƙarshen rayuwarsa

Duk da matsayinsa, Musa bai daina neman ilimi ba. Suratul Kahfi ta ba da labarin tafiyarsa da yaronsa Yusha'u zuwa mahaɗar tekuna biyu domin koyo a wurin Halliru, inda ya ga an huda jirgin wasu miskinai domin a tserar da shi daga wani sarki mai ƙwace jirage. Mutanensa sun cutar da shi da maganganu da tuhume-tuhume iri-iri, har Manzon Allah (SAW), a ranar da wani ya soki rabon ganimar Hunaini, ya nema wa Musa rahama, ya tuna cewa an cutar da shi fiye da haka ya yi haƙuri. A daren Mi'iraji kuma shi ne ya yi ta ba Manzon Allah (SAW) shawarar ya koma ya nemi sauƙi, saboda abin da ya gani a kan mutanensa, har salloli 50 suka dawo biyar.

Haruna ya riga shi rasuwa a cikin jejin. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa da ajalin Musa ya zo an ba shi zaɓi ya ɗora hannunsa a bayan sa, duk gashin da hannun ya rufe a ƙara masa shekara guda. Ya tambayi abin da zai biyo bayan haka, aka ce mutuwa, sai ya zaɓi tafiya a lokacin, ya roƙi a kusantar da shi ga ƙasa mai tsarki gwargwadon jifan dutse. Attaura ta ce ya rasu yana da shekara 120, bayan ya hango ƙasar daga Dutsen Nebo da ke cikin Jodan ta yau. Bai shiga ba. Yusha'u ne ya shiga da 'ya'yan waɗanda aka fitar daga Masar.

Allah Ya ƙara aminci ga Annabi Musa da ɗan'uwansa Haruna, Ya tsare mu daga zalunci da taimaka wa azzalumai, Ya kuma kawo mafita ga duk wanda ake zalunta a bayan ƙasa.